Ga ɗan'uwanmu mai tambayar ko ya noma masara bana

Wa'alaikumus salam. Ka ce masara ta faɗi, taki bai sauko ba, kana tunanin barin gonar bana, kuma ka tambaya ko laifin gwamnati ne. Wallahi ina karantawa na ji kamar daga bakina maganar ta fito.

Ni bashin taki na karɓa wurin wani dillali a garinmu, yuriya da kamfa, lokacin masara tana tashe. Da naira aka rubuta bashin, biya sai kaka. Kaka na zuwa farashi ya karye. Mutumin nan, sahu ɗaya muke sallah da shi, ya turo mota har ƙofar gidana, yara suna tsaye suna kallo, ana ƙirga buhu a farashin ranar. Na ce, Alhaji ka yi haƙuri zuwa bazara ko kasuwa za ta ɗaga. Ya ce shi ma kuɗin mutane ne. Ko tabarmar da na shimfiɗa masa bai zauna ba. Kuma ba kasuwa ya kai ba, sito ya zuba yana jiran bazarar da ya hana ni jira. Uwargida ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ni kuwa na tsaya ina taya yaransa ɗaga buhu. Har yau in mun haɗu a masallaci sai na daure nake miƙa masa hannu.

Batun gwamnati, ka san a watan Yulin 2024 aka janye harajin shigo da masara, alkama, wake da wata shinkafar na kwana 150, lokacin hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 cikin ɗari. Ma'aikacin birni mai albashin 70,000 yana neman kwanon da zai iya saya, ban ga laifinsa ba, ƙanena ma ma'aikaci ne. Amma sauƙin da ya samu daga aljihunmu ya fito. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira, kuɗin tarakta, maganin feshi da kuɗin mota zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano duk suna sama. An taɓa abin da muke sayarwa, an bar abin da muke saya.

Kada ka bar gonar gaba ɗaya. Tunanin da kake yi shi manomin Saminaka da Giwa da Funtuwa yake yi, in duk muka gudu masara za ta yi ƙaranci baɗi, farashi ya haura, sai wanda ya shuka ya dara. Ka zauna ka lissafa buhun masara nawa ke sayen buhun taki ɗaya a kasuwarku, kada ka tsaya kan naira. Ka noma ta ci, sauran filin ka sa waken soya ko gyaɗa, ba sa cin yuriya kuma suna gyara ƙasa. Kashin kaji ma yana yi, duk da masu kajin sun farga sun ƙara masa kuɗi, alhali su suka fi kowa morar arhar masarar.

Don Allah, in dole sai ka ci bashi, a rubuta adadin buhun da za ka biya tun yanzu, a gaban shaidu, mai unguwa ya sa hannu.