Mai Ƙwaya 16 ko Mai Ƙwaya 6: Wacce Mai Hoto Zai Saya?

Wani mai ɗaukar hoton aure da suna daga Aboabo a Kumasi ya aiko da tambaya. Ya kwashi adashinsa ya nufi Adum, cibiyar kasuwancin garin, aka nuna masa kwamfutoci biyu masu kusan farashi ɗaya: tsohuwar ta ofis mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Xeon mai ƙwaya 16 (wato core, sassan da ke raba aiki a cikin furosesa), da sabuwa mai Core i5 mai ƙwaya 6. Mai shago ya ce masa ai goma sha shida ta fi shida. Wacce zai ɗauka?

Malam, in aikinka ya fi yawa a Photoshop, ɗauki mai shidan.

Ka dubi shagon tela ana gobe Sallah. In rigunan yara ɗari ne a gaba, teloli goma sha shida za su raba su gama da wuri. Amma aikin wuyan babbar riga guda, mutum ɗaya ne zai zauna a kai, sauran sai kallo, kuma saurin hannunsa ne abin dubawa. Gyaran fatar amarya, goge tabo, daidaita ɗaurin kallabi, duk irin aikin wuyan nan ne. Yawancinsu ƙwaya ɗaya ko biyu suke ɗora wa nauyi, shi ya sa da an wuce ƙwaya 6 zuwa 8, ƙarin da za ka gani a Photoshop bai taka kara ya karya ba. Xeon masu ƙwaya 16 na wajen 2016 akwai wanda gudunsa yake tsakanin gigahaz 2.1 zuwa 3, alhali i5-12400 da ya fito a 2022 yana kaiwa 4.4, ga shi ƙirarsa sabuwa ce.

Inda yawan ƙwayoyi ke da rana shi ne Lightroom, manhajar tsarawa da gyaran hotuna masu yawa, lokacin da ka dawo daga biki da ɗaruruwan hotuna kana son fitar da su gaba ɗaya. To amma ka tambayi kanka a ina lokacinka yake tafiya. Fitar da hotuna kana iya sakinsa ka je masallaci ka dawo. Gyara kuwa kana zaune ne, kwastoma na tsaye a kanka.

Akwai kuma abin da mai shago ba zai faɗa maka ba. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, tsofaffin Xeon ɗin nan kuwa ba sa cikin waɗanda ta amince su ɗauki Windows 11. Ga cin wuta, mitar kamfanin wuta na ECG ba ta san sabo ba. Ran da ka tashi sayarwa ma, sai ka sha wahalar neman mai saye.

Kada kuɗin ya ƙare a furosesa kaɗai. RAM, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da ke gabanta, kada ta gaza gig 16, in da hali 32. Ma'ajiya ta zama SSD, wato irin mai saurin nan. In kana amfani da Denoise na Lightroom wajen share ƙurar hotunan dare, wannan aikin katin girafik (GPU) na cikin kwamfutar ne, ko ƙwaya nawa gare ka ba za su cece ka ba. Ka ware wani abu don UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan.

Kafin ka biya, ka tafi da hotunanka na RAW, wato ɗanyu yadda kyamara ta ɗauke su, a filash, ka gwada su a kan duka biyun kana duba agogo. Mai shagon da ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama ka leƙa na gaba.