Kayan da za ka tafi da su Landan a ƙarshen Fabrairu

Malam, ka tambayi kayan da za ka zuba a akwati don tafiya Landan a ƙarshen Fabrairu. Sanyin can ba irin na hunturunmu ba ne, jiƙaƙƙe ne, ga yayyafi ga iska. Ma'aunin zafi yakan tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 9, amma iskar ce ke ratsa ƙashi.

Na farko dai jaket mai hula wadda ruwa ba ya ratsa ta. Kada ka dogara da lema, iska tana birkice ta. A ciki ka sa suwaita ta ulu da riga mai dogon hannu mai kama jiki. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi ƙatuwa guda, domin cikin jirgin ƙasa da shaguna akwai ɗumi, za ka so ka cire ɗaya. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri, wandon jins ma haka.

Sai takalmi rufaffe mai tafin roba, safar ulu da safar hannu. Kaftani ka bar shi na Juma'a, shi ma da wando mai ɗumi a ciki.