HP, Dell ko Lenovo: wacce kwamfutar tebur ce ta fi ƙarko a shago?

Wani ɗan'uwa mai shagon buga takardu da fotokwafi a Bauchi Road, kusa da Jami'ar Jos, ya aiko min da tambaya. Yana son ƙara kwamfutocin tebur guda shida saboda ɗalibai masu buga aikin kammala karatu da masu duba sakamakon WAEC, amma jarinsa bai kai na masu tsada ba. Wani mai kaya a Ahmadu Bello Way ya ce masa HP ce gaba, wani a Terminus ya rantse da Dell, abokinsa kuma ya nace kan Lenovo. Wa zai bi?

Malam, kowannensu kayan shagonsa yake yaba maka. Ka kwance murfin kwamfutocin nan uku ka leƙa, za ka tarar 'yan gida ɗaya ne. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta Intel ce ko AMD. RAM yawanci na Samsung ne, ko SK Hynix, ko Micron. Had dis na Seagate, Western Digital ko Toshiba. Shi kansa fawa-fak, akwatin da ke raba wuta, kamfanoni irin su Delta da Lite-On ne ke ƙera musu. Ko a shekarun 2003 zuwa 2005, da gurɓatattun kafasita, ƙananan sassan da ke riƙe wuta, suka riƙa kumbura a kwamfutocin Dell samfurin OptiPlex GX270 da GX280 har Dell ya ware kusan dala miliyan 300 don gyara, matsalar ta taɓa HP da Apple ma.

Bambancin gaskiya yana cikin gida. Kowane kamfani na da kayan ofis da kayan gida. Na ofis, da sunayen da aka daɗe da sanin su, su ne OptiPlex a Dell, ProDesk da EliteDesk a HP, ThinkCentre a Lenovo, wanda ya gada daga IBM da ya sayi sashen kwamfutocinsa a 2005. Waɗannan an yi su ne don a kunna tun safe har a tashi aiki, shekara da shekaru. Na gida kuwa, irin su Inspiron da Pavilion da IdeaCentre, idan aka zo kan mafi araha, a wuraren da mai saye ba ya dubawa ake rage kuɗi: fawa-fak ƙarami, fanka mai rauni, ramukan ƙarin RAM kaɗan. Araha ba ta ado. Da kuɗinka ɗin nan, ni dai na fi so ka ɗauki tokumbo na ofis mai lafiya a kan sabuwa fil ta gida mai had dis da RAM 4GB.

Sai dai ba kowane tokumbo ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfutar, da furosesar Intel tsara ta 8 zuwa sama. Duba lambar furosesar: i5-8500 tsara ta 8 ce, ta shiga; i5-6500 tsara ta 6 ce, ba ta shiga ba, komai kyan jikinta. Nemi RAM 8GB da SSD, ma'ajiyar da ta fi had dis sauri. Ko 256GB ya ishi aikin buga takardu.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka sa a kwance kowace guda a gabanka. Kafasita ƙananan gwangwanaye ne a tsaye kan bod; in ka ga kan wata ya kumbura ko ya fitar da wani abu kamar tsatsa, mayar musu. A bar ta a kunne ko na rabin sa'a, ka saurari fanka, ka soka filashi a kowace kafar USB. Garantin da aka yi maka da baki, a rubuta shi a rasit.

Dubi bayan fawa-fak ɗin ma. Wasu tsofaffin da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunnin zaɓar ƙarfin wuta mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Na taɓa tsayawa a wani shago, yaro ya jona irinta tana kan 115, sai muka ji ƙara, hayaƙi ya tashi, ko allon bai kawo haske ba.

Ga abin da 'yan kasuwa suka fi mantawa. Ƙananan kwamfutocin ofis ɗin nan sukan zo da fawa-fak mai haɗi na musamman, wanda na gama-gari ba ya shiga. In ya ƙone kuma babu irinsa a Jos, sai an aika Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, teburin na zaune babu ciniki. Don haka ka sayi samfuri ɗaya tak, duka shidan, wanda mai gyaranka ya ce kayansa na nan a gari. In ɗaya ta kwanta, sai a ciri nata a tayar da 'yar'uwarta.

Da ni ne, biyar zan saya. Kuɗin ta shida su tafi ga sitabilaiza da UPS da fawa-fak guda na ajiya, don a shago irin naka, hawa da saukar wuta da sauyawa zuwa janareta sun fi tsufa kashe kwamfuta. Sanyin Jos yana taimaka maka ta fuskar zafi, amma ƙurar hunturu ba ta ƙyale kowa. Ɗaga su daga ƙasa zuwa kan tebur, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu a riƙa buɗe su ana hure fankokin duk wata.