Tambaya da Amsa: Me Ake Rubutawa a Kundin Galaksi?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Na ji a rediyo cewa an kafa sabuwar na'urar hangen nesa a ƙasar Chile wadda za ta shigar da galaksi kimanin biliyan 20 cikin kundi. Ɗalibaina sun tambaye ni abin da ake rubutawa a kan kowane ɗaya, tunda a hoto yawancinsu ɗigon haske ne kawai. Ina neman ƙarin bayani domin in gamsar da su.

AMSA: Barka kadai, Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan kulawa da ɗalibai. Labarin da ka ji gaskiya ne. Cibiyar Vera C. Rubin ce, tana kan dutsen Cerro Pachón, madubinta yana da faɗin mita 8.4, an fitar da hotunanta na farko a watan Yunin 2025, kuma an tsara za ta shafe shekara 10 tana safiyon samaniyar kudu.

Ya kamata ɗalibai su fara rarrabe abu biyu. Kaza da 'ya'yanta da muke gani da dare ƙaramin rukuni ne na taurari a cikin galaksinmu. Shi kuwa galaksi tari ne na taurari miliyoyi ko biliyoyi tare da iska da ƙura, kuma ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da ido ke iya gani shi ne Andromeda, wanda masanin falaki Abdurrahman al-Sufi ya siffanta da ɗan ƙaramin gajimare a wajajen shekarar 964. Haskensa yana tafiyar kimanin shekara miliyan 2.5 kafin ya iso gare mu.

Kundayen farko da ido aka yi su. Charles Messier na Faransa, wanda taurari masu wutsiya yake nema, ya jera abubuwa 103 masu kama da gajimare a sama zuwa shekarar 1781, sannan a 1888 John Dreyer ya tattara 7,840 a kundin da ake kira NGC, inda aka bayyana kowane abu da kalmomi irin su "mai dusashewa, ƙarami, mai da'ira". Matsalar a fili take: abin da wani ya kira mai dusashewa a darensa, wani zai kira shi mai haske a nasa daren. Duk ci gaban da ya biyo baya ƙoƙari ne na maye gurbin waɗannan kalmomi da lambobi waɗanda aka auna da ma'auni ɗaya.

Misalin da ya fi dacewa da aji shi ne safiyon Sloan, wanda ake taƙaitawa da SDSS, da aka fara a shekarar 2000 da na'ura mai madubin mita 2.5 a Apache Point, jihar New Mexico ta Amurka, ya kuma ɗauki hoton kusan kashi ɗaya cikin uku na samaniya. A kundinsa kowane abu yana da layinsa. Abu na farko a layin shi ne matsayinsa a sama, kuma daga lambobin matsayin ake ciro sunansa. Daga nan sai kwamfuta ta yanke hukunci ko tauraro ne ko galaksi, ta hanyar duba ko hasken ya taru a ɗigo ɗaya ko ya ɗan bazu. Sai ƙarfin haske, a ma'aunin da lambarsa ke ƙaruwa yayin da haske ke raguwa. Bambancin daraja 5 yana nufin ninki 100, kamar yadda Norman Pogson ya daidaita a 1856. Ido yana tsayawa a wajajen daraja 6, Sloan kuwa ya kai kusan 22, wato abin da ya fi iyakar ido dusashewa sau miliyan 2.5. Ana kuma rubuta girma, yawanci faɗin da'irar da ta ƙunshi rabin hasken galaksin, domin galaksi ba shi da gefe tsayayye, a hankali yake dusashewa har ya ɓace cikin duhu.

Launi ne ya fi kowane ma'auni ba da labari, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Kyamarar ba ta ganin launi yadda ido yake gani. Ana sa hasken ya bi ta matatu biyar masu alamomin u, g, r, i, z, daga wanda ya zarce shuɗi har zuwa wanda ya zarce ja, a auna ƙarfinsa a kowace matata, sannan a ɗebe wata lamba daga wata. Sakamakon shi ne launi. Taurari masu tsananin zafi da nauyi shuɗaye ne, kuma ba sa wuce shekaru miliyoyi kaɗan suke ƙonewa, saboda haka duk galaksin da ya yi shuɗi yana kan haifar sababbin taurari, wanda ya yi ja kuwa galibi ya daina haihuwa, tsofaffi suka rage masa. Tun a 2001 bayanan Sloan suka nuna cewa galaksi sun kasu gida biyu a fili, jajaye da shuɗaye, 'yan tsakiya kuma ba su da yawa, jajayen mafi yawansu masu siffar ƙwai, shuɗayen kuma masu hannaye a murɗe. Ba a iya gano irin wannan da kyakkyawan hoton galaksi ɗaya. Sai an jera dubun dubata da aka auna ta hanya ɗaya.

Sai dai ja yana iya yaudara. Tsufa yana kawo shi, nisa yana kawo shi, ƙura ma tana kawo shi, kamar yadda rana takan rine idan ta kusa faɗuwa a lokacin hazo. Ƙurar galaksinmu tana tsakaninmu da duk abin da muke hange, shi ya sa ake rage tasirinta da taswirar ƙura, wadda fitacciyarta ta fito a 1998, shi ya sa kuma babban safiyon Sloan ya kauce wa farin zirin nan da ya ratsa sama, inda ƙurar ta fi kauri.

Nisa shi ne ma'auni mafi wahala, kuma yadda Sloan ya yi shi abin a nuna wa yara ne. A shekarun farko ana ɗauko farantin alminiyam a huda masa ramuka 640, kowane rami daidai inda hasken abin da aka zaɓa zai faɗo, ma'aikata su cusa siririyar igiyar gilashi a kowane rami da hannu, ɗaya bayan ɗaya, igiyoyin kuma su kai hasken ga na'urar da ke warwatsa shi kamar bakan gizo. A cikin wannan baka akwai layuka da aka san mazauninsu. Iskar haidurojin, alal misali, tana da layi a nanomita 656, wato lambar da ke nuna mazauninsa a bakan, wadda ke ƙaruwa yayin da ake nufar ja. Idan aka same shi a 722, ya goce zuwa ja da kashi 10 cikin 100 saboda faɗaɗar sararin samaniya, hasken kuma ya yi tafiyar kimanin shekara biliyan 1.3. Galaksi biliyan 20 sun fi ƙarfin wannan hanya, saboda haka a Rubin za a kimanta nisan mafi yawansu ne daga launinsu a matatu shida, kimantawar da ba ta kai ta baka daidaito ba.

Abin da na fi so ɗalibanka su riƙe shi ne cewa kowane kundi yana da iyaka, kuma nagartarsa tana cikin bayyana iyakar. Babban samfurin Sloan ya auna bakan galaksin da haskensu ya fi daraja 17.77 ne kawai, don haka a nesa manya masu haske kaɗai suka shiga. Haka kuma idan galaksi biyu sun matsu da juna sosai, igiyoyi biyu ba sa shiga a faranti ɗaya, dole a bar ɗaya. Mai binciken da ya manta da wannan zai ɗauka cewa babu ƙananan galaksi a nesa, alhali na'urar ce ba ta kai gare su ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Maradi. Shin wanda ba shi da na'urar hangen nesa yana da abin da zai iya yi a wannan fanni?

AMSA: Ƙwarai kuwa, 'yata. Bayanan Sloan a buɗe suke kyauta a intanet, kuma da lissafin sakandare za ki iya ɗebo lambobin galaksi dubu, ki zana launinsu, ki ga gidajen nan biyu da idonki. Akwai kuma shirin Galaxy Zoo, wanda Kevin Schawinski da Chris Lintott suka fara a Oxford a watan Yulin 2007, bayan Schawinski ya tantance siffar galaksi 50,000 shi kaɗai cikin mako guda ya ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Suka miƙa wa jama'a hotuna kusan 900,000, mutane da dama suna duba kowane hoto domin kuskuren wani ya gyaru da ganin saura. A shekarar ce wata malamar makaranta a Holan, Hanny van Arkel, ta hango wani baƙon gajimaren iska kusa da wani galaksi, gajimaren da har yau da sunanta ake kiransa. Shirin yana nan a dandalin Zooniverse, yana buƙatar waya ko kwamfuta da ɗan Turanci, kuma amsoshin masu sa kai su ne ake koyar da kwamfuta da su domin ta tantance miliyoyin hotunan da sababbin na'urori ke kawowa.