Tambaya da Amsa: Wace bindigar ƙusa ta dace da aikin rufi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne mai aikin rufi a Zariya, da yara huɗu a hannuna. Na ga ana aiki da bindigar ƙusa a wani gini, mutum ɗaya yana haɗa katakon da mu uku za mu yini a kai. Ina so in saya, amma ban san wacce ba, kuma ina jiye wa yaran rauni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka tambayi kuɗin bindiga, fara tambayar ƙusarta. Ba ƙusar awo take ci ba, tata a jere take zuwa, manne da takarda ko roba ko waya, kuma kowace bindiga da karkatar jerinta: digiri 21, 28, ko 30 zuwa 34. Wanda bai tabbatar ana samun irin tasa a kusa ba, kwali biyu zai ƙarar ya rataye ta a shago.

Ga haɗa katakon tu-bai-fo da tu-bai-tiri, babbar kake buƙata, mai ɗaukar ƙusa inci 2 zuwa 3 da rabi. Ƙaramar mai siririyar ƙusa ta silin ce da kayan ɗaki. Kwano kuwa ka bar shi a kan ƙusa mai hula ko sukuru, don babbar za ta lotsa shi ta bar maka yoyo da damina. Bulo da kankare ma injinsu daban.

Ni mai iska na fi so. Ba ta da nauyi, gyaranta da sauƙi, sai dai tana son kwampireso, wato injin matsa iska, mai ba da ƙarfin iska na awon PSI 70 zuwa 120, shi kuma yana son janareto. Mai batir ta raba ka da jan tiyo a saman gini, amma ta fi tsada, ta fi nauyi a hannu. Kada kuma wani ya ce maka a jona ta da tulun iskar masu walda. Sau da yawa oksijin ne a ciki, in ya haɗu da man bindigar fashewa za ta yi.

Yanzu maganar yaranka, wadda ita ta fi damuna. Kunamar bindigar iri biyu ce. Akwai wadda in ka danne kunama, duk abin da bakin ya taɓa sai ta harba, katako ne ko cinyar mutum. Ita masu sauri ke so. Matsalarta, in ta harba takan yi tsalle baya ta sake faɗowa, sai ga ƙusa ta biyu da ba a nema ba. Ɗayar kuwa sai ka dafa bakin a jikin katako tukuna, sannan ka ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita, ka saki, ka sake. Hukumomin kare lafiyar ma'aikata na Amurka, OSHA da NIOSH, sun nuna a jagoran da suka fitar a 2011 cewa haɗarin rauni da ta farkon ya kai ninki biyu na ta biyun. Jagoran ya ce a can ma, a lokacin, mutum kusan 37,000 ke zuwa asibiti duk shekara saboda wannan na'ura. Ta biyun za ka saya. In mai mabuɗin sauyawa ce, kai za ka saita ta, ka hana kowa taɓawa.

Hannun da ke riƙe katako ya yi nesa da bakin da aƙalla inci 12. Ƙusa in ta ci karo da gaɓa, ko busasshen maɗaci mai tauri, lanƙwashewa take ta ɓullo ta gefe, daidai inda babban yatsa yake. Tabarau na kariya dole ne. Kada a hau tsani da yatsa a kan kunama, kada a miƙa ta ga wani alhali tiyo na jone, kada kowa ya tsaya a ƙarƙashin inda ake harbi. In ƙusa ta maƙale, a cire iska ko batir kafin a sa hannu. Sabon yaro kuma ya fara koyo a ƙasa, kana tsaye a kansa.

In tsautsayi ya gitta ƙusa ta shiga jiki, kada a zare ta da filaya. A naɗe wurin yadda ba za ta motsa ba, a tafi asibiti da ita a jiki, a kuma tambayi allurar tetanus.