Tambaya da Amsa: Teburin SQL a Kan Bulokcen

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa manhajar adashi a kan Ethereum, ɗaya daga cikin sarƙoƙin bulokcen (rajistar da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinta tare), kuma ina son teburin mambobi da na zubi kamar yadda na saba a MySQL. Zan iya ajiye su cikin sarƙar kai tsaye?
Wani mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Za ka iya, Malam, amma aljihunka zai ji jiki. Rubuta sabon gurbi mai bayit 32 a Ethereum yana cin aƙalla gas 20,000 (gas shi ne ma'aunin kuɗin aiki a sarƙar), wato kilobayit ɗaya ya kai 640,000, alhali tura kuɗi zalla 21,000 ne. Ga shi kuma sarƙar ba ta san JOIN ba, wato umarnin SQL na haɗa bayanan tebura biyu.

Abin da masu aikin ke yi shi ne raba nauyi. Sarƙar ta riƙe jerin umarnin rubutu da sa hannun mai shi, wasu kwamfutoci daban su karanta jerin bi da bi, kowace ta gina teburin a wurinta. Haka tsarin Tableland ke yi da SQLite, tsarin Kwil kuwa da PostgreSQL, duka biyun manhajojin ajiye tebura ne irin MySQL. Karatu ba ya cin gas, rubutu ne ake biya.

Inda ake tuntuɓe shi ne, dole kowace kwamfuta ta fito da sakamako iri ɗaya sak. Kada ka sa random() ko now() cikin umarnin rubutu, domin lambar da kowace za ta zaɓo daban ce, agogonta ma daban yake. Ɗauki lokacin da ke jikin bulo, wato ƙunshin rubuce-rubucen da ake ƙara wa sarƙar a lokaci guda. LIMIT ba tare da ORDER BY ba shi ma tarko ne, wannan ta zaɓo layin nan, waccan ta zaɓo wani. Kuɗi kuwa ajiye su da kwabo: naira 1,500 ka rubuta 150000. Lamba mai ɗigo takan saɓa wajen lissafi, shi ya sa Tableland ma ba ta karɓarta.

Sai batun juyewar sarƙa, wato a watsar da bulon da ya riga ya fito a maye shi da wani. Ana fitar da bulo duk daƙiƙa 12, amma tabbatarsa takan ɗauki kusan minti 13. Idan kai kake gina teburinka, sa lambar bulo a kowane layi, don in aka watsar da wani bulo ka goge daga nan ka sake karantowa. Kafin minti 13 ɗin nan su cika, kada manhajar ta ce wa kowa zubinsa ya shiga.

Suna da lambar wayar mambobi kada su hau sarƙa ko kusa, tunda kowa na gani kuma ba a gogewa. Bar su a sabarka, adireshin walat, wato lambar asusunsa a sarƙar, ya wakilci mutum.