Gwajin DNA ya ce mu jikokin manoman Gabas ne?

Tambaya: Dakta, na tura yawuna waje aka yi mini gwajin DNA, aka ce tsatsona na wajen uba R1b-V88 ne. Wani a Facebook ya ce ma'anarsa kakanninmu manoman farko ne da suka taso daga Gabas ta Tsakiya. Yanzu baffana har ya fara cewa mu da mutanen garinmu ba jini ɗaya ba ne. Raina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Su manoman farkon nan ma ba dangi ɗaya ba ne. Binciken da aka wallafa a 2016 ya gwada ƙasusuwan Ganj Dareh a duwatsun Zagros na Iran da na Sham da na Turkiyya, sai aka tarar sun sha bamban tamkar Bature da Basine a yau. Na Turkiyya ne suka tsallaka Turai wajen shekara 8,500 da suka wuce, da alkamarsu da sha'ir da tumaki. To waɗanne mai Facebook ɗin yake nufi?

Abin da ke ba ni takaici, kusan kullum sai wani ya zo mini da takardar nan ya ɗauka sunan ƙabila aka rubuta masa. R1b-V88 alama ce da ɗa namiji ke gada daga uba, shi ma daga nasa uban, shi ke nan. Ka koma baya kaka goma, guraben kakanninka 1,024 ne, wannan alama kuwa labarin mutum ɗaya tak take bayarwa. Sauran 1,023 fa, iska ta kwashe su? Amma a kan wannan ɗayan ake kumbura, ana raina maƙwabta, wasu har su fara zargin asalin 'yan uwansu. Masu sayar da gwajin kuma ko a jikinsu, sun karɓi dalarsu.

Alamar gama-gari ce a tsakanin masu harsunan Cadi (dangin harsunan da Hausa take ciki), har da Hausawa, ta fi yawa a arewacin Kamaru. Mafi tsufan ƙasusuwan da ke ɗauke da ita kuwa na mafarautan kudu maso gabashin Turai ne, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Ka gaya wa baffa, geron da yake nomawa ma ba daga Gabas ya zo ba. A kwarin Tilemsi na Mali an tono shaidar nomansa mai shekara kusan 4,500.